Mali a zamanin Modibo Keita: laifin gurguzu ne?

Ranar 22 ga watan Satumba 1960, jam'iyyar US-RDA ta shelanta Jamhuriyar Mali a birnin Bamako, ta kuma zaɓi tafarkin gurguzu. Bayan shekara takwas, ranar 19 ga watan Nuwamba 1968, sojoji suka tumɓuke shugaba Modibo Keita, a lokacin kaya sun yi ƙaranci a kantunan gwamnati, bashi kuma ya kai wa ƙasar iya wuya. Tun daga nan mutane da yawa suka yanke hukunci cewa gurguzu ne ya jawo wahalar. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba.

Ga abin da gwamnatin ta yi. Ta kafa kamfanin SOMIEX, ta ba shi shi kaɗai ikon fitar da gujiya waje da shigo da kayan masarufi kamar sukari da gishiri da madara. Daga baya ta kafa OPAM domin sayen hatsi. Farashin da aka yanka wa manomi ƙanƙane ne, domin ma'aikacin birni ya ci da araha. To, manomi ba ya buƙatar zuwa makaranta kafin ya san inda gumin goshinsa ya fi daraja. Sai gero da shanu suka riƙa ƙetara iyaka ta ɓarauniyar hanya zuwa ƙasashen da ke biya da kuɗin sefa. Gonakin gama-kai da aka tilasta wa ƙauyuka kuwa, sai mutum ya gama da tasa gonar sannan ya leƙa su.

Babban lamari shi ne kuɗi. A watan Yuli 1962 Mali ta bar sefa ta buga nata kuɗin. Ƴan kasuwa suka yi zanga-zanga a Bamako, aka kama Fily Dabo Sissoko da Hamadoun Dicko, dukansu biyu suka rasu a 1964 suna tsare a arewacin ƙasar. Duk giɓin da kamfanonin gwamnati suka bari, bankin ƙasa ake sa wa ya cike shi, kuɗi suka yi yawa a hannu, kaya babu. A 1967 tilas aka koma teburin shawara da Faransa, aka rage rabin darajar kuɗin Mali. Wannan kam laifin masu mulki ne, ba wanda za a ɗora wa.

Sai dai akwai nauyin da ba su suka ɗora wa kansu ba. Mali ba ta da teku. Da tarayyarta da Sanigal ta wargaje a watan Agusta 1960, jirgin ƙasa na Dakar ya daina zuwa har 1963, aka koma jigilar kaya da manyan motoci daga Abijan, da tsada mai yawa. Turawan mulkin mallaka kuma ba su bar masana'antu ba, ba su bar isassun masu ilmin da za su riƙe kamfanonin da aka kafa ba.

Masu ɗora wa gurguzu dukan laifi sukan manta da abin da ya biyo baya. Musa Tarawore ya soke gonakin gama-kai, amma ya bar SOMIEX da OPAM suna aiki, fari ya zo a 1972 da 1973, albashi ya riƙa makara, Mali ba ta koma cikin sefa ba sai 1984. Ita ma Nijar, wadda ba ta taɓa kiran kanta ƙasar gurguzu ba, ta kafa SONARA a 1962 domin gujiya, da OPVN a 1970 domin cimaka, inda a nan ma hukuma ce take yanka wa manomi farashi, shi kuma yana auna shi da na kasuwannin hayin iyaka kafin ya ɗaure buhunsa.