Kafin a Kai Dattijo Gidan Kula da Tsofaffi a Ingila

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Ingila sun ɗauka tunda asibiti kyauta ne, gidan kula da tsofaffi ma haka yake. Ba haka ba ne. Hukumar lafiya ta NHS ba ta ɗaukar nauyin gaba ɗaya sai idan jinya ce babbar buƙatar mutum. In ba haka ba, ƙaramar hukuma ce za ta bi dukiyar dattijon ɗaya bayan ɗaya, bisa dokar kula da mabuƙata ta 2014.

Wanda abin hannunsa ya haura fam 23,250, shi zai biya wa kansa. Wanda ke tsakanin wannan adadi da fam 14,250, za a ɗora masa fam 1 a mako a kan kowane fam 250. Mai ƙasa da haka ba a taɓa ajiyarsa, amma fanshonsa zai shige cikin kuɗin gidan, a bar masa kimanin fam 30 a mako na sabulu, aski da katin waya.

Gidansa ba ya shiga lissafi a makonni 12 na farko, haka nan muddin matarsa ko ɗan uwa mai shekara 60 zuwa sama na zaune a ciki. Amma a sani, fili ko gidan da ya gina a Kano ko Damagaram shi ma dukiya ne, dole a faɗa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne kuɗin tallafi. Idan ƙaramar hukuma ce ke biya, tallafin Attendance Allowance yana tsayawa bayan kwana 28. Da tsayawarsa, 'yar da ke karɓar Carer's Allowance saboda hidimar mahaifinta ita ma nata ya yanke. Wanda ya yi shiru bai sanar da ma'aikatar ayyuka da fansho ba, duk abin da ya karɓa bayan nan bashi ne, kuma za a biyo shi.

Kada kuma a yi dabarar raba wa 'ya'ya dukiya ana gobe za a tafi. Idan hukuma ta gano an yi ne don gudun biya, lissafi za ta yi kamar kuɗin na nan.

Kafin a sa hannu a kowace takarda, a nemi sakamakon lissafin a rubuce, a kai wa ƙungiyar Age UK ko ta Citizens Advice su duba, ba sa karɓar ko kwabo. Mazauna Sukotland da Wales su tambayi nasu adadin, domin ya bambanta da na Ingila.