Daga Pari zuwa Landan: tafiyar awa nawa ce a jirgin sama?

Pari babban birnin Faransa ne. Landan babban birnin Ingila ne. Ruwan teku ya raba ƙasashen nan biyu. Babban filin jirgin sama na Pari sunansa Sharl Dogol, an buɗe shi a shekarar 1974. Na Landan sunansa Hitro.

Tsakanin filayen nan biyu akwai wajen kilomita 350, in an auna a miƙe. Kamar tafiyar Maraɗi zuwa Damagaram ke nan sau ɗaya da rabi.

Babban jirgi, in ya hau sama sosai, yana cin wajen kilomita 800 a awa guda. Wanda ya iya lissafi zai ce: ashe tafiyar ba ta kai rabin awa ba! Amma a kan tikiti, awa 1 da minti 20 ake rubutawa, ko kusa da haka. To, ina sauran lokacin ya tafi?

Jirgi ba ya tashi daga inda mutane suka shiga. Sai ya yi tafiya a ƙasa sannu-sannu, ya bi layi, ya jira a ba shi izini. In ya tashi, da kaɗan-kaɗan yake hawa. Bai daɗe da hawa ba, sai ya fara sauka, don hanyar gajera ce. Ba ya samun sararin yin gudunsa duka. Kuma Hitro hanyoyi biyu kaɗai gare shi na tashi da sauka, ga jirage da yawa. Wani lokaci jirgi yakan yi ta kewaya a sama, yana jiran waɗanda suka riga shi su sauka.

Akwai kuma maganar agogo, wadda ke ruɗa baƙo. Agogon Pari yana gaban na Landan da awa guda. Jirgin da ya tashi Pari da ƙarfe 10 zai sauka Landan da ƙarfe 10 da minti 20. A komowa, wanda ya tashi Landan da ƙarfe 10 sai ƙarfe 12 da minti 20 zai sauka Pari. Tafiyar ɗaya ce, agogo ne ya bambanta. Kowane lokaci da ke kan tikiti, na garin da aka ambata ne. Wanda bai gyara agogonsa ba yana iya ɓata alkawari.

Zaman cikin jirgi shi ne ƙaramin abu. Kowane fili yana wajen gari, nisan kilomita 25 ko kusa da haka. Ana son mai tafiya ya iso awa 2 kafin tashi, don a duba kayansa da fasfo. In ya sauka, ga ƴan sanda da duwan, ga jiran kaya. Daga tsakiyar Pari zuwa tsakiyar Landan, mutum yakan yi awa 4 ko 5.

Shi ya sa mutane da yawa suka fi son jirgin ƙasa. Tun 1994 yake bi ta ramin da aka haƙa ƙarƙashin teku, mai tsawon kilomita 50. Daga tasha zuwa tasha wajen awa 2 da minti 20 ne, kuma tashoshin suna cikin gari.

Ko ta sama ko ta ƙasa, bizar Faransa ba ta shigar da mutum Ingila. Ingila tana da tata biza, dabam ake nemanta.