Rawar da iska ke yi da rana tsaka, da lokacin da ya dace ka yi feshi

Ɗan'uwa manomi, idan ka taɓa hawa Dutsen Dala da azahar a watan Afrilu ka leƙa kan rufin kwanon gidajen cikin birni, za ka ga komai yana rawa kamar ana kallonsa ta saman tukunyar da ke tafasa. Haka ma kwaltar Ƙofar Nassarawa, daga nesa sai ka rantse ruwa ne kwance, ka isa wurin ka tarar kawalwalniya ce. Wannan rawar alama ce da za ta iya cece maka kuɗin magani, shi ya sa na ce bari mu tattauna a kanta.

Rana tana gasa ƙasa, ƙasa kuma tana ɗumama iskar da ke dab da ita. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sai ta riƙa tashi sama dunƙule-dunƙule tana cuɗanya da mai ɗan sanyi. Haske ba ya ratsa iska mai zafi da mai sanyi iri ɗaya, kowane dunƙule sai ya ɗan karkatar da shi. Shi ne idonka ke gani a matsayin rawa. Ƙyaftawar taurari da dare ma daga nan take.

Masu nazarin taurari da masu aika saƙo ta hasken lesa sun daɗe suna fama da wannan abu, don yana ɓata musu gani. Akwai na'ura mai tsada da ke auna shi, amma ba kowa ke da ita ba. A 1992 wasu masana biyu na Jami'ar Ben-Gurion a Isra'ila, Sadot da Kopeika, suka fitar da lissafin da ke ƙiyasta ƙarfin wannan hargitsin iska daga awon yanayi na yau da kullum: zafi, laimar iska, gudun iska, da kuma sa'o'i nawa suka wuce tun fitowar rana. Irin awon da hukumar NiMet ke ɗauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ke nan, kuma shi kake gani a manhajar yanayi ta wayarka. Abin da awon ke nunawa a wurare masu zafi shi ne hargitsin yana kai ƙololuwa da tsakar rana, sannan ya lafa sau biyu, jim kaɗan bayan hudowar rana da kuma gab da faɗuwarta, lokacin da zafin ƙasa da na iska suka kusa daidaita.

To, ina ruwan mai lambu a bakin Jakara da wannan? Iskar da ke karkatar da haske ita ce dai ke ɗaukar ɗigon maganinka. Idan ka goya famfo da ƙarfe ɗaya na rana kana ganin ƙarshen gonar yana rawa, ƙananan ɗigon ba za su sauka kan ganye ba. Iskar da ke tashi za ta yi sama da su, zafi kuma ya busar da su tun suna hanya. Ka biya kuɗin lita guda, alayyafonka ya sami abin da ya samu, tsutsa na nan daram, sai ka ce maganin jabu ne. Na sha jin wannan ƙorafi a taron ƙungiya, kuma in na tambayi ƙarfe nawa aka yi feshin, amsar ba ta cika wuce “bayan na dawo daga kasuwa” ba.

Kada kuma ka ce ai shi ke nan, sai in fita da asuba lokacin da ganye ko motsi ba ya yi. Wannan ma tarko ne, kuma a ganina ya fi haɗari a cikin gari. Da dare, musamman da hunturu in sama ta washe, ƙasa tana hucewa, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar murfi. Ka lura da hayaƙin masu ƙosai da sassafe, yadda yake shimfiɗe a kan unguwa ba ya tashi. Ƙananan ɗigon magani haka suke yi, su rataya cikin iska su sulale a hankali zuwa gangare. A Kadawa ko Kura wataƙila su faɗa kan tumatirin maƙwabci. A cikin ganuwa kuwa, inda lambu ke jingine da katangar gida, tsakar gidan mutane za su shiga, inda yara suke da randunan ruwa.

Ga yadda nake ba da shawara. Ka duba wayarka kafin ka haɗa magani. Gudun iska ya kasance tsakanin kilomita 3 zuwa 15 a awa, wato kana jin ta a fuskarka, ganye na ɗan kaɗawa, amma ba ta tayar da ƙura. Zafi in ya haura digiri 30, ka haƙura. Laima in ta yi ƙasa sosai, kamar yadda take yi da rana a lokacin hunturu har leɓe na tsagewa, ɗigo ba ya daɗewa yake bushewa, don haka ka gama da wuri, ka kuma saita bakin famfon ya riƙa fitar da manyan ɗigo.

Sai dai awon filin jirgi na fili ne, lambunka kuma yana tsakanin gine-gine, saboda haka ka tabbatar da idonka. Kunna ɗan busasshen kara a gefen gona. Hayaƙin da ya kwanta yana bin ƙasa, jira rana ta ɗan ɗaga. Wanda ya tashi yana murɗewa nan da can, ka makara, bari sai bayan la'asar. Wanda ya karkata gefe ɗaya yana bajewa a hankali, wannan ne naka, matuƙar ba wajen gidaje ya nufa ba. Galibi za ka sami haka daga kamar awa ɗaya bayan fitowar rana zuwa hantsi.

Ƙungiyar da ke da 'yan feshi na haya, ku daina biyansu da yawan famfon da suka zazzage a wuni, don shi ke sa su aiki har azahar. Ku tsara musu gonaki biyu ko uku kowace safiya, sauran su jira gobe.