Malaman wucin gadi a jami'ar Maraɗi

Malamin wucin gadi shi ne wanda jami'a ke ɗauka ya koyar da darasi guda, a biya shi gwargwadon awannin da ya yi a aji, ba albashin wata ba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, ta fi ƙarfi a kimiyya, noma da likitanci. Ilimin halayyar ɗan Adam kuwa, a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai yake da sashe, don haka gayyato masaninsa zuwa Maraɗi a matsayin malamin wucin gadi ya fi sauƙi a kan ɗaukarsa dindindin. Malamin da ya taso daga nesa yakan dunƙule darasin zango cikin 'yan kwanaki, ya ba da jarrabawa, ya koma. Kuɗin da jami'a ke kashewa na raguwa, amma ɗalibi mai tambaya sai ya bi malaminsa ta waya.