Koyar Da Lissafi A Gida Ba Sai Da Kayan Kanti Ba

Iyaye da yawa masu koyar da 'ya'yansu a gida suna zaton sai an sayo kaya masu tsada kafin yaro ya gane lissafi. Alhali kuwa abin da ya fi ba yara wuya, watau bambancin gidan ɗaya da gidan goma, tsinken tsintsiya ma ya isa. A ɗaure tsinke goma-goma da zare. In aka ce yaro ya ɗebe 7 daga 32, tilas ya kwance ɗauri guda, nan zai ga abin da malamai ke kira aro da idonsa. Gurabun dara kuwa, jeri 5 masu rami shida-shida, za su nuna masa 30 ba tare da hadda ba. Sai dai a kula da ƙannensa, kada su haɗiye 'ya'yan darar.