Shirin Musamman: Yadda Ake Horar da Lauyoyin Kare Muhalli a Amurka

Dokar kare muhalli fanni ne da bai daɗe da kafuwa a makarantun koyon aikin lauya na Amurka ba. Masana kan danganta mafarinsa da shari'ar dutsen Storm King ta 1965, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta bai wa wata ƙungiya damar ƙalubalantar tashar lantarkin da kamfanin Con Edison ya so ginawa a gaɓar kogin Hudson. Kotun ta ce kishin kare kyan wurin ma hujja ce, ba sai mai ƙara ya nuna asarar kuɗi ba.

A 1970 aka kafa hukumar kare muhalli ta EPA, aka kuma zartar da dokar tsaftar iska. Ta tsaftar ruwa ta biyo baya a 1972. Dokokin biyu sun bai wa ɗan ƙasa ikon maka mai gurɓata muhalli a kotu da kansa, kuma wannan dama ce ta haifar da buƙatar lauyoyin da suka laƙanci fannin.

Karatun lauya a Amurka shekara uku ne bayan digirin farko. Makarantar lauyoyi ta Vermont, da ke ƙauyen South Royalton, ta buɗe cibiyar dokokin muhalli a 1978, kuma ita da jami'ar Pace ta jihar New York da kwalejin Lewis and Clark ta Oregon na cikin waɗanda suka yi fice. A 2009 jami'ar Columbia ta kafa cibiyar dokokin sauyin yanayi, wadda a yau ake kira cibiyar Sabin.

Koyarwar ba ta tsaya a aji ba. Makarantu da yawa na da ofishin taimakon shari'a, inda ɗalibai ke riƙe ƙararraki na gaske a ƙarƙashin kulawar malamansu. Ɗalibi zai ɗauko rahoton da masana'anta ke miƙa wa hukuma kan dagwalon da take zubarwa a kogi, ya gwada alƙaluman da iyakar da lasisinta ya gindaya, layi bayan layi. Idan ta wuce gona da iri, sai a aika mata takardar gargaɗi, domin doka ta ce a jira kwana 60 kafin a shigar da ƙara.

Bayan kammala karatu sai neman gurbin samun ƙwarewa. Sabon lauya yakan fito da bashin karatu a wuyansa, ƙungiyoyin sa-kai kuwa ba su da ƙarfin biyan albashin manyan kamfanonin lauyoyi. Shirye-shirye irin na gidauniyar Skadden, wanda aka fara a 1988, da na Equal Justice Works kan ɗauki nauyin albashin matashin lauya na shekara biyu. Mai nema shi ke tsara aikin da zai yi tare da ƙungiyar da za ta karɓe shi. Ƙungiyar Earthjustice, wadda aka kafa a 1971, ita ma tana horar da sababbin lauyoyi, kuma ba ta karɓar ko sisi daga waɗanda take karewa.

A 'yan shekarun nan akalar aikin ta karkata ga manufofin makamashi mai tsafta. A 2007 Kotun Ƙoli ta yanke cewa EPA na da ikon sa ido kan hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma a 2022 ta taƙaita ikon hukumar na tilasta wa tashoshin lantarki barin kwal. Wannan ya ƙara wa hukumomin kula da lantarki na jihohi muhimmanci. A gabansu ake muhawara kan farashin wuta, da lokacin rufe tsohuwar tashar kwal, da nawa za a biya magidancin da ya sa sola a rufin gidansa yana sayar wa kamfani rarar wutarsa. Lauyan da ke wannan fage dole ya iya karanta lissafin injiniyoyi da masana tattalin arziki, ya kuma iya yi wa shaidun kamfani tambayoyin ƙwaƙwaf.

Idan wa'adin horon ya cika, wasu kan zauna a ƙungiyoyin da suka karɓe su, wasu su koma ofisoshin manyan lauyoyin jihohi, ko majalisun dokoki, ko kamfanonin sola da na lantarkin iska, wasu kuma su rungumi koyarwa.