Dakuwa da Gumba a Mizanin Lafiya

Daga cikin abubuwan da mutanen birane suka shiga yayi a 'yan shekarun nan, musamman waɗanda likita ya gargaɗa a kan ƙiba ko ciwon sukari, akwai wasu 'yan curi-curi na maƙulashe da ake haɗawa a gida ba tare da an kai su tanderu ba, a kwaɓa dabino da 'ya'yan itatuwa masu mai da wani irin hatsi na ƙasashen sanyi, a mulmula su ƙanana, sa'an nan a ce an samo abincin lafiya daga Turai ko Amurka. Wanda kuwa ya san ƙauyukan Tsauni, a ƙasar Matamai ta jihar Damagaram, inda da wuya ka yi sallama a gida ba ka tarar da turmi a gindin bishiya ba, in ya ga wannan yayi ba abin da zai ce illa an sake wa dakuwa riga. Domin kuwa tun kaka da kakanni matan wannan ƙasa sun san yadda ake ɗaukar aya da gujiya, wadda Kanawa ke kira gyaɗa, a tara su a turmi, a yi ta kirɓa har su kama juna, a fitar da abin da yaro zai riƙa a hannu, manomi ya sa a aljihu, matafiyi ya ƙulle a bakin rawani, ba tukunya, ba cokali, ba tsoron ya lalace kafin a isa masauki.

Ma'abuta ilmin hadisi sun san cewa wannan hikima ba ta tsaya ga Hausawa kaɗai ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, cewa walimar auren Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Nana Safiyya, a kan hanyar komowa daga Haibara shekara ta 7 bayan Hijira, ba a yi ta da gurasa ko nama ba, sai da abin da Larabawa ke kira haisu, watau dabino da cuku da man shanu da aka cuɗa wuri ɗaya aka ajiye a kan shimfiɗun fata. Haka kuma malaman sira sun ambaci wani yaƙi a ƙarshen shekara ta 2, bayan Badar, da aka sa wa suna Yaƙin Sawiƙi, saboda mutanen Abu Sufyan, da suka ji Musulmi na biye da su, sun zubar da buhunan guzurinsu na sawiƙi, watau garin soyayyen sha'ir, don su rage wa raƙuma nauyi. Wanda ya taɓa ganin Buzayen ayari, waɗanda ke gangarowa daga Bilma da Fashi da gishiri da dabino su koma da hatsin Damagaram, suna daka hatsi da dabino da cuku don guzurin hamada, ba zai yi mamakin wannan kamanceceniya ba, gama buƙata iri ɗaya ce ta koya wa kowa: abin da zai ƙosar, ya yi sauƙin ɗauka, ya kuma jure zafin rana.

Kayan haɗin ba sai an yi nisa ake samunsu ba. Aya, wadda aka tarar da ita har a kaburburan Misirawan dauri, babbar gonarta a Nijar tana nan maƙwabta, a jihar Maraɗi wajen Agye da Cadawa da Gazawa, kuma daga can ake lodinta zuwa Najeriya, har ma zuwa Sifen, inda mutanen Balansiya ke yin irin nasu kunun aya. Gujiya kuwa baƙuwa ce da ta zama 'yar gida: asalinta Amurka ta Kudu, Turawan Fotugal suka ƙetaro da ita a ƙarni na 16, ta bazu a hankali, har ta kai ga cewa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a farkon ƙarnin da ya wuce ita ce ta zama kuɗin haraji da na aure a dukan wannan yanki. Dattawan Kance da Matamai ba su mance zamanin kamfanin SONARA ba, wanda aka kafa a 1962 don sayen gujiyar manoma, ko masana'antar matse mai da ta yi aiki a cikin garin Matamai, kafin farin 1973 da cutar da ta kwantar da gonakin gujiya a 1975 su karya wannan ciniki. Da babban ciniki ya faɗi, gujiya ta koma hannun mata, masu mai da ƙuliƙuli da dakuwa, kuma a hannunsu take har yau.

Aikin dakuwa, in za a yi shi bisa ƙa'ida, yana farawa ne da haƙuri, domin sai an zauna da faifai an bambance aya da tsakuwa, a wanke ta a rege ƙasa, a shanya ta bushe sarai, sa'an nan a soya ta a kasko ba mai, ana motsawa da wuta kaɗan har ta yi ƙamshi ba ta ƙone ba. Gujiya ma haka, a soya ta cikin rairayi mai tsabta, a murje jan ɓawon, a sheƙe. Iyakar abin da wuta ke yi ke nan. Saura na turmi ne. A daka ayar ko a kai ta inji, a tankaɗe, a mayar da tsakin a sake dakawa, a zuba gujiya da citta da kanumfari da ɗan barkono da gishiri kamar yatsa biyu ya ɗebo, a shiga kirɓi. Nan ne gwana ke bambanta da mai koyo, don kuwa mai gaggawa, in ta ga garin ya ƙi kamawa, sai ta yayyafa ruwa ko ta tsiyaya mai, alhali kuwa gujiya kusan rabinta mai ne, kuma in taɓarya ta ci gaba da sauka a kanta sai ta saki man nan da kanta, garin ya yi duhu ya yi sheƙi, ya dunƙulu a tafin hannu ba tare da an roƙe shi ba. A ganina ma'aunin da ya fi dacewa shi ne kashi biyu na aya, kashi ɗaya na gujiya, kashi ɗaya na dabinon da aka cire wa ƙwallo aka daka shi daban tukuna. Wanda yake da riɗi ya soya ɗan kaɗan ya ƙara, zai ji bambanci a baki, jikinsa kuma ya samu sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi.

Na ambaci dabino ban ambaci sukari ba, kuma da gangan ne, gama a nan ne dakuwar kasuwa ta saki hanya. A zamanin da sukari ke zuwa 'yar ƙwaya-ƙwaya a cikin kwali, ana ɓoye shi a adaka don baƙo, zaƙin dakuwa daga ayar kanta yake fitowa, wadda Allah ya halitta da nata zaƙin, sai ɗan zuma ko dabino ga mai hali. Da sukari ya yi araha har ya fi aya sauƙin kuɗi, mai sana'a, wadda ita ma riba take nema don cefanen gidanta, ta lura cewa kowane ludayin sukari yana ƙara auki yana kuma jawo yara, sai ma'auni ya juye, abin da yake abinci ya koma alewa da sunan dakuwa. Ban ce ta yi ha'inci ba, tunda ba ta ɓoye wa kowa kome ba, harshen mai saye ne ya nema. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga cimarsa ta yini, watau kimanin giram 50 ga baligi, in kuwa ya tsaya a 25, ƙaramin cokalin shayi shida, ya fi alheri. To, wanda ya sha shayi zagaye uku da hantsi, ya sha kunu mai zaƙi da yamma, ya riga ya ƙetare wannan haddi tun bai taɓa dakuwa ba. Kada kuma mutumin wannan ƙasa, da yake raken fadamun Matamai ya yi suna, ya ruɗi kansa cewa mazarƙwaila ko zuma sun fita daga wannan hukunci. Hukumar ta lissafa zuma a cikin sukarin nan ƙarara. Shi kansa dabino, wanda ya fi su saboda yana tafe da harzarsa da ma'adinansa, kusan kashi biyu cikin uku na busasshensa sukari ne, don haka mai ciwon sukari ya ci da lissafi, kada ya ce ai sunna ce ya cika ciki.

Akwai wata illa da ta fi sukari ɓoyuwa, kuma ita ce na fi so mata su riƙe daga wannan maƙala. A shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, da masana suka bi diddigi suka tarar dafi ne a cikin tunkuzar gujiya da aka kawo daga Barazil, dafin da wata fumfuna ke fitarwa, suka sa masa suna afulatoksin. Wannan fumfuna tana son gujiyar da fari ya kama tana ƙasa, da wadda aka tara ba ta gama bushewa ba, da wadda ƙwaro ya huda ko ta kwana a rumbu mai laima. Dafinta yana cin hanta sannu a hankali, yana daga cikin sabubban sankarar hanta, an kuma danganta shi da tsumburewar yara. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne suya ba ta kawar da shi, balle daka. Al'adar da aka saba, ta a kai kyakkyawar gujiya kasuwa a bar ƙwailo da yamutsattsiya da mai ɗaci don amfanin gida, da hujjar cewa in an niƙa ba mai ganewa, ita ce ainihin ƙofar da cutar ke shigowa ta bakin 'ya'yan mai gonar. Magani kuwa yana hannu: a tsince ƙwaya-ƙwaya, duk wadda ta canza launi, ko ta yamutse, ko ta yi gari-gari, a jefar, kada ma a ba awakin da ake tatsa, don dafin yana bi ta nono.

Likitocin zamani da kansu sun komo ga turmi ta wata hanya. A 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, tare da kamfanin Nutriset, suka haɗa niƙaƙƙiyar gujiya da garin madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki, suka ƙulla a 'yar jaka mai giram 92, suka kira shi Plumpy'Nut. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, mafi yawa kuma a gidajen iyayensu aka yi jinyar, ba a gadon asibiti ba. Wannan fa magani ne, ba maƙulashe ba, bai halatta a raba wa lafiyayyu ko a kai shi kasuwa ba, dakuwa kuma ba ta maye gurbinsa ga yaron da ya rame. Amma sirrin da ya sa yake yin watanni bai ɓaci ba shi ne sirrin dakuwa: babu ruwa a cikinsa, ƙwayoyin cuta kuwa ba su hayayyafa inda ba danshi.

Da wannan mizani ake gane cewa gumba, ko da yake 'yar'uwar dakuwa ce a turmi, hukuncinta dabam ne. Hatsi ake surfawa a wanke, a daka shi da danshinsa tare da kayan yaji, a sa zuma ko sukari, a cura, a raba wa almajirai da maƙwabta ranar sadaka. Tunda ruwa ya shige ta, ta zama abin ci na ranar, kuma tsabtar ruwan da ta hannun mai curawa ta zama sharaɗi, ba mustahabbi ba. Ɗanyen hatsi yana yi wa cikin ƙaramin yaro nauyi, saboda haka in don yara za a yi, gara a soya hatsin sama-sama tukuna, a bi tafarkin sawiƙi, a kuma rage surfe, don yawancin ƙarfen da jini ke buƙata yana kusa da dusa. Akwai ma wani irin hatsi mai suna Chakti, da cibiyar ICRISAT da hukumomin noma na Nijar suka fitar a 2018, wanda aka zaɓa musamman don yawan wannan ƙarfe, ga kuma saurin nuna.

Jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma ko kaɗan, a gumba ko a wanin gumba, kuma ɗan yaye a marmasa masa curin a hannu, kada a miƙa masa dunƙule ko ƙwayar gujiya ya shaƙe. Wanda kuma aka lura gujiya na sa masa ƙaiƙayi ko kumburin leɓe, a yi masa tasa da aya da dabino zalla, a ɗan sa man shanu ya kama. Dakuwar da aka kirɓa ba ruwa, in aka sa ta a kwano mai murfi aka ajiye a inuwa, tana yin kwanaki a lokacin ɗari, amma da bazara mai yakan yi saurin juyawa, don haka a riƙa yin kaɗan-kaɗan, kuma da an ji ta fara ɗan ɗaci a maƙogwaro ko warin tsohon mai, a zubar. Curi biyu ko uku sun ishi ɗan makaranta tsakanin kunun safe da tuwon rana, a haɗa masa da gorar ruwa, don aya tana jawo ƙishi.